Wanda Ya Ci Sunan Tsinke

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Yaya Shu'aibu, wanda masu kallon ƙwallo a Funtua suka sani da Tsinke. Ni ce mai bi masa a ɗakinmu. Tun da ya tafi ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don na san halina, duk abin da zan rubuta a waɗancan shekarun da haushi zai fito. Bana na ɗauki biro ne saboda wani nauyi da ya sauka daga ƙirjina a kakar nan, kuma ina so waɗanda suka san shi su ji.

Siriri ne dogo, ƙafafu kamar karan dawa, shi ya sa sunan ya bi shi. Amma idan ƙwallo ta zo ƙafarsa ta hagu sai ka rasa inda ƙarfin yake fitowa. A filin makarantar unguwarmu ya fara, ba takalmi, har wani Bayarabe mai sayar da kayan keke, Baban Tunde, ya ga abin ya fi ƙarfin wasan yara ya saya masa. Ranar da ake da wasa, daga Tsiga da Malumfashi mutane ke tahowa a kan kekuna, 'yan kasuwa su ja ƙyauren shago tun la'asar ba ta yi sanyi ba. Mu mata ta kan katanga muke leƙe. Abin da na fi tunawa shi ne idan ya zura ƙwallo ba ya tsalle, ba ya gudu. Shiga raga yake ya ɗauko ta, ya kai tsakiyar fili kansa a sunkuye, sai ka ce laifi ya yi. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa yarda cewa wannan sana'a ce ba, shi dai a gonar auduga yake son ganinsa.

Wata ƙungiya ta ɗauke shi zuwa Kaduna, daga nan sai Legas. Muka riƙa jin sunansa a rediyo, samarin unguwa suna zuwa ƙofar gidanmu su yi ta kirari ko da ba ya nan. Ana cikin maganar za a fitar da shi ƙasar waje gwiwarsa ta samu matsala. Maimakon a bar shi ya warke, sai aka riƙa yi masa allurar kashe zafi kafin kowane wasa, don ba mai maye gurbinsa. Da allura ta daina aiki aka koma ƙwaya. Da gwiwar ta lalace gaba ɗaya aka sallame shi, ya dawo mana da ɗingishi da kuma ƙwayar, wadda ita ba ta sallame shi ba.

Ba zan rufe abin da kowa ya gani ba. Yaya ya lalace. Daga ƙwaya ya koma maganin tari, ya sayar da takalmansa, ya zama ɗan zaman tasha. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne mutanen da suka sha ɗaukarsa a kafaɗa su ne suka koma jefa masa gwangwani suna cewa Tsinke a nuna mana. Ranar sunan ɗan farin ƙanenmu Kabiru ya zo a buge, ya faɗi a kan tabarmar baƙi ana tsakiyar addu'a, sai ciccibarsa aka yi. Daga ranar aka daina gaya masa idan ana sha'ani.

To, a wajenmu idan mutum ya rasu akan mayar da sunansa ga jaririn da aka haifa, don kada sunan ya fita daga gida. Kuma mutanenmu sun riƙe cewa yaro yakan ɗebo wani abu daga halin wanda ya ci sunansa. A nan aka tsaya da Yaya. Bayan rasuwarsa an haifi maza a zuriyarmu ba ɗaya ba, ba biyu ba. An mayar da sunan mahaifinmu, an mayar da na kawunnai, har da na wani maƙwabci da ba mu haɗa jini ba, amma Shu'aibu kowa sai ya tsallake. Matar Kabiru ta faɗa mini ido da ido cewa ba za ta yi wata tara tana wahala ba a liƙa wa ɗanta ɗan ƙwaya. Mun yi shekara ba ma ga maciji. Ni kuwa Allah bai ba ni namiji ba, mata huɗu na jera, da tuni na kashe bakin kowa.

Wadda abin yake ci a ciki ita ce Inna, mahaifiyarmu. Yaya ne ɗanta na fari, kuma irin matan da ne masu tsananin kunya, ba ta taɓa kiran sunansa ba, “yaron nan” take cewa. Don haka ba za ta iya buɗe baki ta roƙa ba. Amma duk ranar suna ina kallonta. Za ta kasa kunne idan mai shela ya leƙo, ta ji sunan da aka raɗa, ta ce Allah ya raya, ta ci gaba da jan carbinta. Ta tsufa, ido ya yi rauni, ni kuma tsorona kada ta tafi tana ganin an share ɗanta daga cikin dangi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Funtua ta yau. Filin da ya yi suna an yanka rabinsa shaguna. Samari sun koma gidajen kallo, suna faɗa a kan 'yan wasan Turai da ba su san da zamansu ba, wasu har da caca a waya. Na san zai yi dariyar takalman yanzu masu launin alewa. Amma ina jin abin da zai tsaya masa a wuya shi ne kwalaben maganin tari da ake sharewa a bayan shagunan nan kowace safiya, don ya san inda hanyar take ɓullewa.

Damina biyu na ƙarshen rayuwarsa ba a Funtua ya yi su ba. Ya ce mana ya daina, zai tafi Ƙarfi ƙwadago a gonakin masara don ya nisanci abokan tasha. Mun sha jin “na daina” har ta daina shiga kunnenmu. Gari ya ɗauka maɓoya ya samu. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi aka dawo da shi, bai jima ba ya cika, kowa ya ce ga abin da sha ya jawo. Ko a zaman makoki haka ake ta raɗe-raɗi.

Bara 'yata ta biyu ta auri wani malamin makaranta ɗan Ƙarfi. A kakar nan, ana karyar masara, ta haifi namiji a gidana, inda ta zo wankan gida. Ɗan fari ne, saboda haka angon ya bar wa mahaifinsa zaɓin suna. Mahaifin angon, Malam Sule, manomi ne, dattijo mara yawan magana, tun bikin ban ji ya haɗa zance uku ba. Da safe maza suka taru a ƙofar gida, mu muna ciki da Inna. Mai shela ya leƙo ya ce yaro ya ci sunan Shu'aibu. Mai guɗa kanta sai da aka zungure ta kafin ta rangaɗa.

Maigidana ya ba ni labari cewa Kabiru ya ja dattijon gefe, ya tambaye shi a hankali ko ya san mai wannan sunan a danginmu. Malam Sule ya ce ai don ya san shi ne ya zaɓa. Daga nan ya nemi iso ya gaida Inna. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce:

“Hajiya, a gonata ya yi damina biyu. Na ga jikinsa na karkarwa a kan kunya, haƙora na haɗuwa, gumi na zuba, amma bai aje fartanya ba. An kawo mashi abin nan har gona, a gabana ya juya baya. Wallahi da tsarkinsa ya bar Ƙarfi. In dai yaro na ɗaukar hali, wannan nike so jikana ya ɗauka.”

Na yi kuka a ranar, kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza saboda kunyar idon mutane. Ba hoton wasansa ko ɗaya a wayar kowa, kofunan da ya ci ban san inda suka shiga ba, masu tuna ƙafarsa ta hagu duk sun yi furfura. Da a kan ƙwallo kaɗai aka dogara, nan da 'yan shekaru ba mai ambatonsa. Abin da ya saura shi ne wanda ya yi ba 'yan kallo, a bayan gari, mu 'yan'uwansa ma ba mu gaskata ba. Kuma ya ishe ni.

Da yamma mata suka fara shawarar sunan da za a sakaya wa jariri da shi, tunda an san Inna ba za ta iya kama na yanka ba. Wata ta ce Khalifa, wata ta ce Amir. Inna tana rungume da tattaɓa-kunnenta, ba ta ɗago ba ta ce:

“Kada a sakaya. Ku kira shi da sunansa, ina so in riƙa ji.”

Ta ƙi komawa gida, tana nan wajena sai an yi arba'in. Ita dai har yau ba ta furta ba. Amma ko daga madafa aka ce a miƙo Shu'aibu, sai ka ga ta dakata da carbi ta juyo.