Yanken da Ya Ba Ɗansa

Mun tsufa tare da shi a ɗaki ɗaya, ɗakin da ba taga, sai sanyin na'ura da allunan rada. Aikinmu ba jiragen sama hanya. Kowane jirgi ɗigo ne a kan allo, mu kuma murya ce a kunnen matuƙi: hau, sauka, karkata, dakata. Kujerarsa tana hannun damana, don haka na san halinsa kamar yunwar cikina.

Yanke muke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Hanyoyin sama ba miƙaƙƙu ba ne. An shata su da kwana-kwana tun zamanin da na'urori ba su da ido sosai, ga filin atisayen sojoji da ake kewayewa. Yawancinmu mukan bar jirgi ya bi shatarsa, a tashi aiki lafiya. Shi kuwa ina! Da ya ga sarari zai ɗaga waya ya dami sojoji: «Yau kuna tashi ne ko kuna hutawa?» In suka ce filin ba kowa, sai ya miƙe wa jirgi hanya. Ya tsani ya ga jirgi yana shawagi yana jiran layin sauka. Tun daga nesa yake sa matuƙi ya rage gudu, ya gangaro a hankali.

«Kai ka sayi man ne?» na taɓa tambayarsa, don ya ishe ni da kiraye-kiraye.

«A'a, amma hayaƙin da ni za a shaƙa,» ya ce. «Har da ke, mai tari tun ba a je ko'ina ba.»

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi. Tun yaron yana ƙarami yake kai shi bakin shingen filin jirgi su yi ta kallo, kallon kuwa ya shiga jini. Yaro ya zama matuƙi, wani kamfani na can nesa ya ɗauke shi, ya yi aure a can, ya haihu a can. Da uwarsa ta rasu ya zo, ya yi kwanakin zaman makoki ya koma. Suna waya, amma Yanke, da bakinsa ba ya mutuwa a wurin aiki, in ɗansa ya kira ba ya wuce «ya iyali, ya aiki». Abin da ke cinsa na sani, don ya faɗa mini: ya ba matuƙan duniya hanya, bai taɓa jin nasa ɗan a rediyo ba. Jiragen kamfanin ba sa bi ta sararinmu.

Ana saura kaɗan ya yi ritaya kamfanin ya sauya hanya. Yaron ya bugo ya ce ran Alhamis da hantsi zai ratsa ta kanmu, wucewa kawai, ba sauka.

A ranar, Yanke ya zo da rigar da ban taɓa ganinta ba, har da turare, kamar rediyo na kai ƙamshi. Na yi masa tsiya, ya wuce ya zauna a kujerarsa.

A tsohuwar shata jirgi yakan daɗe a hannunmu, kuma a kowace kwana sai an yi magana. In aka ba shi yanke, magana biyu ce ko uku, ya fita sararinmu ya koma hannun maƙwabta. Da safiyar ranar sojoji suka ce filinsu ba kowa. Wallahi haushinsu na ji.

Na sunkuya na ce masa, «Don Allah, yau dai bar shi ya bi shata. Babu dokar da ka karya. Ka ji muryar ɗanka ka more.»

Ya ce, «Na ji ki.»

Ɗigon jirgin yaron ya shigo ta gefen allo. Na jona abin kunnena da nasa layin. Murya ta fito, a natse, ta faɗi lambar jirgi da tsayin da yake. A rediyo ba a hira, ba a gaisuwar gida, komai naɗarsa ake yi. Yanke ya amsa da kalmomin aiki. Har na ɗauka ya ji shawarata.

Sai ya ce, «An ba ka hanya kai tsaye. Miƙe.»

Yaron ya maimaita umarnin, ya ƙara da godiya. Ɗigon ya bar shata ya yanki tsakiyar allo. Muna kallo. Kafin shayina ya huce ya kai ɗaya gefen. Yanke ya faɗa masa layin da zai koma, yaron ya yi sallama, shi ke nan.

Raina ya ɓaci, idona kuma ya cika. Na ce, «Kai dai ba ka san ciwon kanka ba.»

Bai kalle ni ba. Idonsa na kan wurin da ɗigon ya fita.

«Mura yake yi,» ya ce. «Ba ki ji hancinsa a toshe ba? Tun yana yaro sanyi ba ya yi da shi. Ko wa zai ce masa ya sha ruwan ɗumi?»

Wani jirgin ya kira. Sai da ya kira sau biyu kafin Yanke ya amsa.