Amfilin Tasi'u Ya Je Badagishiri

An haifi Tasi'u a Badagishiri da kunnuwa irin waɗanda in ya ba rana baya sai inuwarsa ta koma tukunya mai hannu biyu. Dangi suka ce yaron nan zai yi jin magana. Sun yi kuskure, komai yana ji a duniya in ban da magana. Ubansa ya rasu yana ƙarami, sai ya tashi a hannun ƙanen uwarsa, Kawu Barmo, mai garkar albasa a bakin fadama. Kawu Barmo mutum ne da in ya yi maka tsawa da safe sai ka yini kana waiwaye, in kuma ya ji ka yi tari sai ya ajiye aikinsa ya tafi nemo maka magani.

An sa Tasi'u lakwal, wato makarantar boko. Mushe, malaminsu, na rubutu a allo, shi yana kiɗa da teburi, har aka rasa wanda ya fi shan duka tsakaninsa da teburin. Aka maido shi garka, aka ba shi aiki mafi sauƙi, ya riƙa juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Sai ya je ya tsaya gefen injin ban-ruwa, ya karkata kai yana sauraren bugunsa, albasa ta sha ruwa har ta kusa koyon iyo. Da 'yan gashi suka fito masa a haɓa sai ya tattara ya tafi Birnin Ƙonni ya kama kabu-kabu, yana ɗaukar mutane a moto, wato babur.

A can ya gamu da abin da ya hana shi sakat har yau. Cikin waɗanda yake ɗauka kullum akwai wani dattijo ɗan duwan, wato kwastan, mai suna Abdoulaye, da aiki ya kawo shi daga yamma, wanda ya yi kiɗan gita a ƙuruciyarsa. Wata safiya Tasi'u ya je ɗaukarsa, ya ji wata murya na fitowa daga zaure, mai kauri, da ɗan dishi-dishi a ƙarshenta, kamar ta tsohuwar zabiya da ta yi kuka ta gaji sannan ta fara waƙa. Ya kashe moto ya tsaya. Ashe gitar dattijon ce ke wannan murya. Ranar dattijo ya makara zuwa buro wajen aiki, shi kuma bai ɗauki kowa ba. Daga nan ya zama ɗan gida, yana koyon matsa wayar gita har kan yatsunsa suka yi kanta. Da Abdoulaye ya ajiye aiki zai koma garinsu, motar kaya ta cika, matarsa ta ce ko turminta ko tarkacensa. Turmi ya ci. Tasi'u ya gaji gita da amfili.

Amfilin nan, wato akwatin da ke ba gita murya, bai fi kwalin sabulu girma ba, kuma ya girmi Tasi'u nesa. Fatar jikinsa ta zazzage, yana warin tsohon ɗaki. A bayansa akwai wasu 'yan kwalabe masu kama da ƙwan fitila, ana ce musu lampu. In aka kunna shi ba ya magana nan take. Sai lampun sun yi ja kamar garwashi, sun ɗau zafi, sannan ya yi gyaran murya ya fara. Abdoulaye ya ja masa kunne, kuma akwai wurin kamawa, ya ce zafin nan shi ne ran akwatin, lampun kuma ba a sayar da su a nan kusa, ya lallaɓa su.

Ya lallaɓa. Duniya ce ba ta lallaɓa shi ba. Maƙwabta suka riƙa aiko da wayoyinsu a sa musu caji a "injin Tasi'u". Wata tsohuwa ta zo da tabarmarta a kamo mata labarun duniya. In aka gayyace shi biki, kafin akwati ya gama ɗumama ango ya shigo, an yi guɗa, an ci shinkafa, har an fara neman takalma. In ya yi sa'a ya fara, sai masu sa kiɗa su buɗe lasifikokinsu masu tsayin ƙofa, ka ga bakin amfilin na motsi kawai. Wutar gari kuwa kamar tana laɓe a bayan taga: lampu na yin ja, ita tana tafiya. Matarsa Raihanatu ta ce ita kam ta ji muryar, kuma da daɗi, amma shaidarta ba ta karɓuwa tun da abincinta a hannunsa yake.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne zuwan Kawu Barmo. Kawu ya shigo Ƙonni neman wani ƙarfe na injinsa, ya biyo ya ga gida. Tasi'u ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwan sanyi, ya kunna akwati. Suna cikin jira aka ɗauke wuta. Kawu ya ce ba komai, ya kaɗa haka nan, ai shi gurmi ba ya jiran wuta. Tasi'u ya yi ƙoƙarin bayani, Kawu ya ce ya kaɗa. Ya kaɗa. Gitar lantarki in ba akwati, ƙis-ƙis kawai take yi. Kawu ya kafa tafi a bayan kunne, ya matso, ya ƙara matsowa har hularsa ta taɓa waya, sannan ya ɗago.

"Wanga abu na ka bar garka dominai?"

Kafin sati ya zagayo duk Badagishiri an san Tasi'u ya bar albasa don wani katako mai raɗa. In ya je gida sai taubasansa su gaishe shi ƙasa-ƙasa, wai kada su danne masa kiɗa. Tun daga ranar burinsa ya zama ɗaya tak: Kawu Barmo ya ji muryar akwatin nan da kunnensa, ko sau ɗaya, in ya so bayan nan a kira shi duk abin da aka ga dama.

Shekaru suka ja, sai albasa ta yi kyau wata shekara, ƙungiyar masu garka ta shirya yinin murna bayan an kwashe. Kawu na cikin dattawanta. Tasi'u ya yi ta aike har aka yarda ya zo ya kaɗa bayan la'asar. Ya tambaya ya tabbatar akwai janareta. Ranar tafiya ya ƙi ɗaure amfili a bayan moto saboda ramuka, ya karɓi zanen Raihanatu ya goya shi, gita a rataye a gaba. Tun daga Ƙonni har Badagishiri mata na yi masa barka.

An yi taron a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro kusa da garkuna, cikin zafin nan na bazara da ƙadangare ke gudu da ɗage ƙafa. An ɗauko wani Saminu mai sa kiɗa da lasifikokinsa. Tasi'u ya roƙe shi, in lokaci ya yi ya kashe komai, a bar akwati shi kaɗai, mutane su matso. Saminu ya dubi akwatin, ya dubi Tasi'u, ya ce to. Wannan karon Tasi'u ya rantse ba za a jira shi ba. Ya ɗora amfili kan kujera, ya kunna tun ana jawabi, don a zo a same shi da ɗuminsa.

Shugaban ƙungiya ya yi jawabi. Mataimakinsa ya maimaita. Malamin gona da ya zo daga Illela ya yi da Faransanci, aka juya da Hausa, juyin ya fi jawabin tsawo. Lampu dai na can suna ja, akwati ya yi ɗumi yadda ake so, har Tasi'u ya taɓa waya ɗaya a ɓoye ya ji ta amsa da kauri, tsikar jikinsa ta tashi. Sai aka kira salla. Bayan an sallame gwaggonninsa suka tare shi, kowace da tambayar Raihanatu da yara da dalilin ramarsa.

A daidai nan Kawu Barmo ya biyo ta wajen kujerar da butarsa a hannu. Ya ji wari kamar na abu mai shirin ƙonewa. Ya kai hannu bayan akwati, ya janye da sauri. Duk mai garka a fadamar nan ya san abin da ake yi wa inji in ya yi zafi a tsakar rana: a tsoma buhu a ruwa a lulluɓa masa, a yayyafa masa a inda ya fi zafi, ya huce ya ci gaba da aiki. Kawu ya ga kayan ɗansa na shan wuya, mai kaya kuma na can yana surutu. Ya ɗauko buhun albasa, ya tsoma a randar ruwan baƙi, ya shimfiɗa masa jagab. Sannan ya leƙa baya, ya ga inda jan yake, ya karkata buta.

Tasi'u ya ji ƙarar daga inda yake, tas, kamar an taka kofin shayi. Janareta ya yi tari. Da ya iso, farin hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin buhu, ruwa na ɗiga daga kujera, Kawu na tsaye yana yarfa hannu, fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya ceci rai.

"Allah ya so ka, na biyo," in ji Kawu. "Da ka ƙara jimawa da ya kama da wuta. Kai har yau ba ka iya kula da inji ba."

Tasi'u ya cire wayar wuta, ya ɗaga buhun. Lampu babba ta tsage daga sama har ƙasa, cikinta ya yi fari. Ya ji fushi ya taso masa, irin wanda da a Ƙonni ne, da wani ne ya yi, da sai jandarma sun raba. Amma wannan Kawu ne, wanda ya goye shi zuwa likita, ga dattawa tsaye, ga gwaggonni sun biyo. Ya durƙusa.

"Sannu da ƙoƙari, Kawu. Allah shi saka."

Kawu ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Mutane sun riga sun matso kamar yadda aka ce musu. Saminu ya ce ya kawo wayar gitar a soka a injinsa, ai duk ɗaya ne. Tasi'u ya ce ba ɗaya ba ne. Saminu ya ce to jama'a na jira. Aka soka. Abin da ya fito daga lasifikokin nan ƙara ce tsirara, busasshiya, mai kaifi, kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse. Babu kauri, babu dishi, babu komai na abin da ya tsayar da shi a ƙofar zauren Abdoulaye. Ya kaɗa yana cije leɓe, idonsa a ƙasa, yana jiran a fara dariya ya huta.

Ba a yi dariya ba. Samari suka shiga fili, mata suka yi guɗa, malamin gona ya ɗaga waya yana ɗauka. Ƙarar ta kai har kasuwa, masu amalanke suka tsaya. Da ya gama, Kawu Barmo ya ratso jama'a ya kama hannunsa ya ɗaga sama, idonsa har da ƙwalla.

"Ashe haka abin ga yake da murya. Na janye maganata, ɗana. Yau na ji."

Tasi'u ya ce, "Kawu, ba ita ce ba."

Kawu ya ce wa na kusa da shi yaron akwai kunya, tun yana ƙarami ba ya son yabo.

Ya komo Ƙonni da akwati a goye, wannan karon ba wanda ya amsa wa barka. Ya zaga masu gyaran rediyo, ya tsallaka iyaka ya tambaya, ya aika har Sakkwato. Wani ya ce a fasa a sa masa cikin rediyon mota, wani ya juya lampun a hannu ya tambaya ko ta maganin sauro ce. Ga shi kuma tun daga ranar gayyata ba ta yanke ba, daga Malbaza, daga Alela, daga ƙauyukan da bai taɓa jin sunansu ba, kowa na son kiɗan nan na ranar albasa, mai ƙara. Yana zuwa, don iyali sai sun ci. Yana soka waya a injin masu sa kiɗa, ya kaɗa da fuskar mai shan maɗaci, a yi ta tafi.

Kwanan baya Kawu Barmo ya aiko masa da buhun albasa ta hannun wani direba, da saƙo a baki: wai in akwatin ya sake yin zafi kada ya wahalar da kansa wajen masu gyara, ya kawo shi gida, shi yanzu ya gane ciwonsa.