Dokar da Dakta Ya Kafa a Kicin

A layin masu gyara Dakta ake ce masa, alhali ko allura bai taɓa riƙewa ba. Fanka yake gyarawa, da dutsen guga, da injin markaɗe, a wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita da baya. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Ba ka kawo masa fanka ka tafi da fanka kawai, sai ya haɗa maka da shawarar lafiya kyauta. Ya yi yayin hana shan ruwan sanyi, ya yi yayin hana kwana da waya kusa da kai. Duk wa'azin nan kansa a sunkuye yake yin sa, hayaƙin dalma na shiga hancinsa tun yana saurayi har furfura ta fito. Shi da kansa yakan ce, "Ni da huhuna ya zama bututun hayaƙi, wai ni ne mai tsoron ƙanƙara."

A gida akwai matarsa, da Inna, mahaifiyarsa, wadda ta dawo wurinsa bayan rasuwar babansa. Yara sun girma sun watse. Shi ne autan Inna, kuma ko da gemunsa ya yi fari, Auta take kiransa.

Wata rana wani ya turo masa bidiyo. Wani mutum ne cikin farar riga yake bayani a kan farin sinadarin nan na ɗanɗano, mai kama da gishiri, da ake barbaɗawa a miya. Wai yana sa ciwon kai, wai yana taɓa ƙwaƙwalwa, wai yana cin mutum a hankali. Kafin bidiyon ya ƙare Dakta ya fara jin kansa na sarawa, kan da tun safe lafiyarsa ƙalau. Ya rufe shago da wuri, ya wuce kicin kai tsaye, ya kwashe farin, ya haɗa da na dunƙule, ya ce gishiri ma a rage.

"Baban yara," in ji matarsa, "kai da ba ka san inda ake ajiye ashana a ɗakin nan ba?"

"Rayukanku nake ceto," ya ce.

Bai tsaya nan ba. Sai da ya je ya yi wa mai kantin unguwa wa'azi a gaban masu saye, har ya ce masa guba yake sayarwa a leda.

Miyar farko ya yaba ta da babbar murya, yana haɗiya kamar mai shan magani. Ta biyu ya yaba a taƙaice. Daga nan ya gano cewa akwai wata mai abinci a bayan garejin da ke kusa da shagonsa, kuma hanyar gida, in an lura da kyau, ta nan ta fi sauƙi. Bai taɓa tambayarta me take sawa a tukunya ba, don ya san amsar. Kansa kuwa bai taɓa sarawa a kan bencinta ba. Ya dinga komawa gida da yamma yana shafa ciki, yana cewa ba ya jin yunwa. Maimakon ya ɗauki kwanonsa ya zauna a ɗakin Inna kamar da, sai ya leƙa daga bakin ƙofa ya gaishe ta ya wuce.

Inna ta fara barin abinci. Da farko rabi ake dawowa da shi, daga baya kusan duka. Matarsa ta tare shi ta ce, "Ka dubi wuyan hannunta kuwa? Zobenta ma ya daina zama." Ya duba. Tsohuwar ta zube, zaninta sai ta ƙara naɗi kafin ya kama ƙugu. A ransa ya ji tsoro na gaske, amma a baki ya ce tsohuwar guba ce take fita daga jikinta.

Ya kai ta asibiti, yana sa ran za a jinjina masa. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta saurare shi har ya gama. Ta ce ɗan kaɗan da ake sawa a girki ba a tabbatar yana cutar da yawancin mutane ba, rage gishirin da suka yi ya yi kyau, amma abin da zai kwantar da Inna shi ne rashin ci. "Duk abin da zai sa ta ci, ku ba ta," ta ce. Suna fitowa tare da likitar, wani da ya taɓa gyara wa fanka ya hango shi ya kwaɗa masa kira, "Dakta!" Likitar ta waiga, shi ma ya waiga, kamar wani ake kira.

Shi dai ba zai iya fuskantar mai kantin unguwa ba. Sai ya hau mota ya tafi can wata unguwa da ba a san shi ba, ya sayi ƙulli ɗaya na sinadarin murya ƙasa-ƙasa, ya cusa a jakar aiki tsakanin sukurdireba da tsofaffin wayoyi. Matarsa ma kunyarta yake ji. Ya jira ta fita shanya, ya lallaɓa ya buɗe tukunya. To, a sana'arsa in dalma ta yi kaɗan haɗi ba ya kamawa, gara ta yi yawa. Da wannan ilimin ya juye ƙullin gaba ɗaya, ya juya, ya rufe.

Ta dawo ta ɗanɗana, ta tofar, ta dube shi yana tsaye riƙe da ledar a bayansa. Dariya ta yi har sai da ta dafa bango.

"Mai ceton rayuka! Miƙo min albasa, mu sake wata."

Ta sake. Ɗan abin da ya rage a gindin ledar ta tsinta da yatsu biyu ta barbaɗa, ya tsaya yana kallo yana jin kansa ƙaton banza. Shi da kansa ya kai wa Inna tire, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana jiran mu'ujiza. Ta yi cokali biyu ta ture.

"Inna, an mayar da shi fa. Ba ki ji bambanci ba?"

"An mayar da me?"

"Sinadarin miya. Wanda na hana."

"Au, ka hana wani abu ne?" Ta gyara zama. "Auta, harshen nan nawa ya daɗe da daina bambance miya da ruwan zafi. Da in kana zaune nan kana surutunka, ba na sanin lokacin da kwano ke ƙarewa. Yanzu kullum a ƙoshe kake shigowa. Ni kaɗai da bango, ina zan tura shi?"

Kunya ta kama shi, wadda ta fi ta asibiti, ta fi ta kicin, don wannan ba ta da abin dariya a ciki. Ga shi kuma ko a ranar sai da ya biya ta bayan gareji, cikinsa a cike yake har wuya. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ɗaga murya ya ce a kawo masa cokali.

Ya kai loma, ya haɗiye da ƙyar.

"Yi magana mana," in ji Inna. "Yanzu kuma me ka ji yana kashe mutane?"

Ya yi gyaran murya ya fara ba ta labarin hatsarin zama a ƙarƙashin fanka bayan wanka. Ta ce ƙarya ne, ta jawo kwanon gabanta.