Takalman Kaka a Ƙofar Fada

Tun ranar da aka rushe gidanmu na Nakkasa, unguwarmu ta kan dutse a nan ƙasar Larabawa, na daina iya haɗa ido da mai kaki. Da safe suka zo, askarawa a gaba, katafila a baya, muna tsaye da tukwane a hannu har bangon ɗakin da aka haife ni ya kwanta. Muka samu wasu ɗakuna a ƙasan gari muka tare. Na riga na gama sakandare, babu inda ya zama dole in je, sai kawai na daina fita. Ko jiniya na jiyo daga titi sai in shige ɗaki in rufe ƙofa.

Kakata ce ta gaji da ni. Tun tana yarinya iyayenta suka zo da ita daga Kano, amma har yau in ta buɗe baki ka rantse jiya ta sauka. Wata ranar Asabar ta jefo mini abayata a fuska.

"Tashi, 'yar nema. Fada za ki raka ni."

"Wace fada kuma, Kaka?"

"Ta tsohon sarki mana. An ce yanzu an mayar da ita gidan tarihi, kowa shiga yake. Shekara da shekaru ina wuce katangar nan ina sunkuyar da kai. Yau sai na ga abin da suke ɓoyewa."

Na ce ai akwai masu gadi. Ta ce to, su cinye mu tare, ita dai ƙashi ce, ni ce mai tsoka.

Yayana ya sauke mu a bakin titi ya wuce aikinsa. Ginin dutse ne, fari tas, da dogayen tagogi da itatuwan dabino a harabarsa. Can bakin ƙofa na hango askari a tsaye. Ina ƙoƙarin ɓuya a bayan Kaka, sai na ga ta tsaya ta tuɓe takalmanta ta jera su a gefen hanya.

"Kaka, me kike yi?"

"Gidan sarki ake shiga da takalmi? Wa ya raine ki? Cire naki!"

Na cire. Rana kuwa ta gasa duwatsun harabar nan kamar tanda. Tsohuwa ta kama tafiya tana ɗaga ƙafa tana salati, ina bin ta ina tsalle-tsalle, muka wuce askarin da gudu-gudu ko kallonsa ban yi ba. Mun shiga zauren farko ke nan, sanyin daɓen ya fara ratsa ƙafafuna, sai na ji takun gudu a bayanmu.

"Ya hajja! Ya hajja!"

Na tsaya cak. Na rintse ido na riƙe mayafin Kaka, ina jiran a ce mu fita, ko a ce mu shiga mota.

Da na buɗe ido, askarin ne a gabanmu yana haki, takalmanmu a hannunsa, na Kaka a dama, nawa a hagu. Baƙi ne kamarmu. Ya durƙusa ya ajiye su a gaban tsohuwa, ya ce da wata irin Hausa mai nauyin Larabci, "Sannu, Kaka. Sa takalmi. Ƙasa zafi. Nan ba masallaci ba."

Kaka ta ƙare masa kallo. "Kai ɗan wa ne?"

Ya ce a nan aka haife shi, amma kakanninsa mutanen Zazzau ne.

"Bazazzagi! Shi ya sa! Wa zai ba ka gadin gidan da akwai sarki a ciki? Sai wanda masu shi suka tashi."

Ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce Bakanuwa ko a fada ciniki take nema, ta faɗi gaskiya, nawa za ta taya kujerar sarkin? Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Rabona da jin muryata haka tun muna kan dutse.

Muka shiga ɗaki bayan ɗaki. Ga takubba a cikin gilashi, ga manyan butocin gahawa, ga dardumar da ta fi tsakar gidanmu faɗi. A wani dogon zaure hotunan sarakunan da suka shuɗe suna jere a bango, Kaka ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaisuwar maƙwabta. Wannan a zamaninsa aka kawo musu famfo unguwa. Wancan yana mulki ta haifi babana. Na kusa da shi kuwa, ranar da aka yi shelar rasuwarsa tana tsakiyar suyar ƙosai, ta bar shi ya ƙone. Kowanne ta yi masa addu'ar rahama. Na tsaya ina kallon kujerar da manya suka taɓa durƙusawa a gabanta, yanzu igiya ce kawai ta kewaye ta. Ashe su ma sun bar gidajensu, kuma ko tukunya ba su fita da ita ba.

Da Kaka ta gaji, ta samu benci ta zauna tana murza ƙafa. Akwai matakala zuwa bene, ina so in hau, amma ban san ko an yarda ba. Ta ce ita ba ruwanta, mai baki ba ya ɓata.

Na koma har bakin ƙofa ni kaɗai. Na tsaya a gaban askarin, na ɗaga kai na tambaye shi. Ya ce in hau, in duba taga ta ƙarshe, daga nan ana hango duwatsun garin duka.

Na hau. Na daɗe a tagar nan har Kaka ta fara ƙwala mini kira daga ƙasa, wai in sauko tun ba a naɗa ni ba.