Ruwa a Kan Kabarin Malam

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. In muryata ta sarƙe, a jira ni.

Maƙabartar ƙauyenmu tana gangaren dam ne, tsakanin Roni da Kazaure. Mace ba ta shiga maƙabarta, don haka ban taɓa ganin kabarin Malam, maigidana, ba. An dai ce mini yana gabas da wata tsamiya. Sai nake hawa dutsen bayan gidanmu ina hangen tsamiyar.

Daga kan dutsen na lura ruwa yana matsowa. Duk damina sai ya wuce inda ya tsaya bara. Na kasa zama. In ɗora tukunya, in bar ta, in hau dutse, in sauko, in sake hawa.

Autana mai auna ruwa ne a Legas. Jirgi yake shiga da na'ura, ya auna zurfin teku, ya zana abin da ke ƙasa. Na sa aka kira mini shi a waya, ashe yana wata ƙasa, wurin taron masu safiyon ruwa na duniya.

Na ce, "Auta, ruwan nan zai kai wurin babanka?"

Ya ce, "Inna, ba zan iya cewa ba. Laka ce ke cika dam daga ƙasa, ruwa ya rasa wurin zama. An daɗe ba a auna cikinsa ba. Maganar da muke yi ke nan a nan, ruwan duniya da yawa ba a san ƙasansa ba."

"To ku bar maganar mana! Kai da ke auna ruwan Yarabawa, na ƙofar gidanku ya gagare ka?"

Ya yi dariya, ya ce ana tashi taro zai zo.

Ruwa ya riga shi. Ranar da ɗan acaɓa ya sauke shi, tsamiya tana tsaye cikin ruwa. Bai zo da na'ura ba. Ya ari kwalekwalen masunta da gora, ni ina kan dutse. Na ga ya tsaya gabas da tsamiya, ya zura gorar a hankali, ya daɗe, sannan ya ɗaga hannu yana addu'a.

Da ya dawo, idonsa ya yi ja. Ya nuna mini iyakar jiƙewar gorar. Na tsaya kusa da ita, ta kawo mini wuya.

Na ce, "Ka taɓa shi?"

Ya ce, "Laka na taɓa, Inna."

Har yau da rani ruwan bai ja baya ba. Allah Ya jiƙan Malam. Ina hawa dutsen.