Malam na Ɗaya, na Biyu, na Uku

A makarantarmu ta unguwar Al Thumama, can ƙasar waje, wata Bafaranshiya 'yar ajinmu ta kawo tarihin gidansu: kakanni masu sarauta tun zamanin takobi, kowa da sunansa. Ni da bakina ba ya hutawa na ce namu ya fi tsawo, gobe zan kawo.

Na kira Kaka a Zariya, na manta ba ta kama sunan mijinta, balle na surukinta.

"Kaka, yaya sunan Kakana?"

"Malam."

"Babansa fa?"

"Malam babba. Ke, rashin kunya za ki koya mini?"

Washegari na miƙe gaban aji, na karanto Malam na Ɗaya, na Biyu, na Uku. Bafaranshiyar ta ce sarakunansu ma haka ake lissafa su. Ban gyara mata ba.