Aya da Wake a Hanyar Cadakori

Ana kiran assalatu na fito daga gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Gazawa. Kayana ba su taka kara sun karya ba: gora wofi, 'yar jakar atamfa, ƙullin aya da ƙullin wake. Baba ya rako ni har bakin danga yana nanata magana ɗaya. "Ki gaida Hajo. Ko tiya guda ce ta taimake ni. Kuma ki yi sauri, Rabi, hadari ya hwara leƙowa."

Ga abin da ya tayar da ni. Muna da wani hatsi na gado mai doguwar zangarniya, muna ce masa ɗan Kaka. Bara waccan Baba ya shuka shi da ruwan farko, ya tsiro, sama ta ɗauke, ya ƙone. Bara ya juye ragowar, aka sake maimaitawa. Duk duniya babu inda irin ya rage sai wurin ƙanwarsa, Gwaggo Hajo, da ke aure a Cadakori. Baba kuwa ya riga ya yanke shawara: da zarar iri ya zo, duka zai zuba shi da ruwan farko, wai ruwan da ya yaudari mutum sau biyu dole ya cika alkawari a na uku.

Ni malamar lissafi ce a kwalejin Gazawa, na san wannan magana ba ta da ƙafar tsayuwa. Amma wace ɗiya ce za ta dubi ubanta ta ce ya yi kuskure? Sai na yi dabara. Duk garin da na sauka zan tambayi labarin damina goma da suka wuce. Daminar da ruwan farko ya riƙe amana, in jefa aya ɗaya cikin jaka. Wadda ya yi yaudara, in jefa wake. In na dawo, jakar ta yi magana a madadina.

Gazawa zuwa Agye

Motar tasha ta tashi da hantsi, mu da awaki uku da wani buhun barkono da ya sa kowa atishawa. Ban jira mun isa ba, ɗoki ya hana ni. Na juya na tambayi dattijon da ke bayana yadda ruwan bara ya kasance. "Ya yi gyara," in ji shi. Bara waccan fa? "Ya yi gyara, alhamdu lillahi." Duk motar ta ɗauka, har direba yana buga sitiyari. Kafin mu ga hasumiyar masallacin Agye na jefa aya goma cif, ina ta murna kamar wadda aka yi wa bushara.

Wata mai fura a tashar Agye ce ta dawo da ni hayyacina. Ita ma ta ce ruwan bara ya yi gyara, sannan tana dama mini ta shiga ba ni labarin yadda bayanta bai sake zama daidai ba tun da suka yi shuka sau uku. Na ajiye ludayi. Ashe mu mutanen nan ba ma kai ƙarar ruwa, ko da ya kashe mana gona, gaisuwa ce kawai muke amsawa. Na zazzage jakar, na sauya tambaya: "Sau nawa kuka yi shuka?" Nan take wake ya fara samun shiga.

Kafin in bar garin na leƙa wurin wani tsohon ma'aikacin gona da ke kula da ma'aunin ruwan sama, wato wani gwangwani mai mazurari a kan sanda. Ya yi mini bayani da alfahari cewa in an tara ruwan shekaru an raba daidai, matsakaicin bai da laifi ko kaɗan. Na ce, "Malam, in matarka ta ba ka tuwo kwano bakwai ranar Juma'a, sauran kwana shida ta ɗaura maka azumi, matsakaicinka kwano ɗaya ne kullum. Ka ƙoshi?" Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya yarda cewa hatsi bai san jimilla ba, tazarar da ke tsakanin ruwa da ruwa ita ke kashe shi.

Agye zuwa Tibiri

Gab da Maradi jandarmomi suka tsayar da mu. Ɗayansu ya gama duba takardun shaida, ya buɗe jakata, ya leƙa, ya dube ni.

"Madam, wannan guzuri ne ko magani?"

"Lissahi ne."

Ya kira abokinsa ya zo ya ga lissafi. Da na yi musu bayani, sai ga shi yana so a sa wa garinsu wake biyu. Na ce a'a, goma-goma nake karɓa, kuma daga bakin waɗanda suka riƙe iri da hannunsu, in ba haka ba kowa ya jefo shekarar da ta fi yi masa ciwo, jaka ta cika da kuka. Ya sara mini, muka wuce.

A Tibiri na kwana gidan wata 'yar uwar innata. Bayan la'asar tsofaffin gidan suka kewaye ni, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, aka buɗe shari'a. Ba su ƙirga shekara da lamba, da haihuwa da biki suke ƙirgawa. "Shekarar da anka haihi Nana sau biyu munka shibka!" "Ƙarya kike, wagga shekarar bikin Sa'a ce!" Sai da aka kirawo uwar Nana ta raba gardama. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, na kuma tashi da damina goma masu shaidu.

Tibiri zuwa Sae Sabuwa

Da safe na ɗauki kabu-kabu. Mai babur ɗin sunansa Sanusi, magidanci mai faɗin kafaɗa da son hira. Hanyar rairayi ce, babur na rawa, ni kuma hannu ɗaya na rungume da gora, ɗaya na riƙe da ƙarfen baya. Sanusi ya ce in kawo jakar ya rataya a gaba kada ta faɗi. Na miƙa masa har da godiya.

A bakin wata rijiya kusa da Sae Sabuwa muka tarar da wata Bafulatana tana shayar da shanu. Na gaishe ta, ta amsa da "jam", na tambaye ta ruwan farko. Ta ce, "Na wace gona? Ruwa yana jiƙa ƙahon saniya ɗaya ya bar ɗaya." Ta nuna mini gonaki biyu da hanya kawai ta raba, bara an sake shuka a ɗaya, ɗayar ko gezau. Na ji daɗin maganar ƙwarai, domin ita ce dalilin da ya sa ban tsaya kan gari ɗaya ba. A cikin gari matan wani gida suka ba ni goman nan, na zura su cikin jaka ba tare da na leƙa ba, muka miƙi hanyar Cadakori. Sanusi sai ba ni labarin tsadar mai yake yi, bakinsa na motsi ko lokacin da ya yi shiru. Ban kawo komai a raina ba.

Cadakori

Mun iske ranar kasuwa ce, amalanken jakai sun toshe hanya. Gwaggo Hajo ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta ce na rame, lakol, wato makaranta, ta cinye ni. Ban ko sha ruwa ba na nemi faifai in nuna mata aikina. Na juye jakar.

Wake. Wake zalla, da aya biyu tsuguno a gefe.

Na ce shi ke nan, ƙasar nan ta ƙare, damina biyu kacal suka yi gaskiya! Har na fara tunanin yadda zan gaya wa Baba ya sayar da gona. Sai Gwaggo ta dubi Sanusi da ke zaune a inuwa yana sakace.

"Kai wanga, mi kake tamna?"

"Wallahi Inna, na aza guzuri na," in ji shi. "Waken ɗanye na, shi ya sa ni bar shi."

Mutumin nan ya cinye mini damunan albarka tun daga Tibiri! Gwaggo ta faɗi kan tabarma tana riƙe da ciki. Ni kuwa na rasa kuka zan yi ko duka. Can sai lissafi ya dawo mini. Gari uku, goma-goma, talatin ke nan. Wake bai taɓu ba, guda goma ne. Duk abin da ba wake ba aya ne, saboda haka ashirin. Na tasa Sanusi gaba har kasuwa, ya sayo aya, ya ƙirga goma sha takwas da hannunsa ina tsaye a kansa. Gwaggo da maƙwabtanta suka ƙara goman Cadakori. Aka tashi da wake goma sha uku cikin arba'in, wato kusan ɗaya cikin uku. Ban ce wannan shi ne lissafin ƙasa ba, abin da jakata ta tsinto ne daga bakin mutane, da mantuwarsu da gardamarsu.

Da yamma Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da wata tukunya da aka liƙe da laka. Ta fasa bakin, ta auna mini, tiya guda ma bai cika ba. "Ga shi duka, ɗiyata. Ni ƙarhin noma ya ƙare mini. Ki ce ma Yaya irin ubanmu na, babu wani bayan wanga." Ta zuba shi cikin gora. A nan dariya ta ɗauke mini, na ji tsoro sosai.

Komawa gida

Washegari Sanusi ya kai ni bakin kwalta, jakar na ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin zane. Mota zuwa Maradi, wata zuwa Gazawa, amalanke zuwa gida. Ina sauka gabas ta yi baƙi ƙirin. Baba ya karɓi gorar ya shinshina, idonsa ya cika, ya ce a fito da sungumi, gobe da asuba duka za a zuba.

Na durƙusa na miƙa masa jakar, na gaya masa ma'anar aya da wake. Na ce ya rufe ido ya zaro ɗaya, ya duba, ya mayar, a girgiza. Ya zaro aya, ya kai baki, na yi ihu har kaji suka watse. Ya sake, wake. Ya sake, wake.

"To Baba, sau biyu ke nan. Na ukun hwa?"

"Dole aya."

Ya zura hannu, ya daɗe yana lalube, ya buɗe tafinsa. Wake. Gaskiya ni ma ban zaci haka ba, aya ta fi yawa a jakar, sa'a ce ta taimaki malama. Baba ya juya ƙwayar a tafinsa.

"Jakar ba ta san ta yi mini sau biyu ba," in ji shi a hankali. Can ya ɗaga kai. "Amma Allah ke ba da ruwa, Rabi."

"Haka ne, Baba. Shi ne kuma ya ba mu gora mai marfi."

Kafin magariba ruwa ya sauko, ƙamshin ƙasa ya cika gida. Da safe Baba ya shimfiɗa tabarma ya raba ɗan Kaka gida biyu. Kashi ɗaya ya tafi da shi gona. Ɗayan ya mayar cikin gora, ya toshe, ya miƙo mini. "Ki rataye a ɗakinki. Ko na yi miki hwaɗa, kada ki ba ni sai ruwa ya zauna."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo Hajo, da mai furar Agye, da tsofaffin Tibiri. Sanusi ma na yafe masa, Allah ya sa abin da ya ci ya zame masa jini.

Yau da nake wannan rubutu shukar farko ta fito, sama kuma ta yi shiru, ba mu san ko aya muka zaro ko wake ba. Bara war haka Baba ya daina cin abinci. Bana kullum da safe yakan tsaya a ƙofar ɗakina, ba ya tambayar komai, ya dubi gorar a rataye, ya shanye furarsa tas, ya saɓi hauya ya tafi.